Yadda na saba wa 'Yar Toka da wuni ita kaɗai a gida

Ɓera ne ya kai ni neman kyanwa. Muna zaune a bene, ciki biyu da falo, a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari a Kano. Maigida yana aiki a Abuja, sai bayan mako biyu yake zuwa gida, ni kuma ina koyarwa a makarantar sakandare, in fita ƙarfe 7 na safe in dawo 3, ranar da nake da darasin yamma kuwa sai 5 ta gota. Da ɓeraye suka huda mini buhun shinkafa, suka koma kan wayar firji, na kai kuka wajen gwaggona da ke cikin gari, sai ta ce, "Ke 'yar nan, da wannan wahala ai gara ki zo ki ɗauki mage, tawa ta haihu, huɗu ne suna nan sun cika mini madafa." Ina rubuta abin da ya biyo baya ne saboda na sha ruɗani a makonnin farko, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce mini ai mage ba ta da wahala, ita take kula da kanta. Gaskiya ne a gidan da ke da tsakar gida da katanga. A gidan da ake garƙamewa da safe a tafi aiki kuwa, zancen ya sha bamban.

Ranar wata Asabar cikin Janairu na je, sanyi ya kankama. Na same su cikin wani tsohon kwando, sun cure wuri guda suna ɗumama juna. Na zaɓi wata mai ruwan toka da farin ƙirji, tun a nan jikokin Gwaggo suka raɗa mata 'Yar Toka. Gwaggo ta ce sun cika wata biyu, sun fara cin abinci, uwar ma ta fara ture su daga nono. Daga baya likita ya gaya mini mako 8 shi ne mafi ƙarancin lokacin da ya kamata a raba 'yar kyanwa da uwarta, in so samu ne ma ta kai 12. Na sa ta cikin kwalin taliya da na huhhuda, muka hau adaidaita sahu, tana kuka tun daga Ƙofar Nasarawa har gida. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne daga ina na ɗauko ta. Gidan Gwaggo babban gida ne, ga ƙasa ta tona, ga ƙadangaru ta bi, ga kaji, ga yara, ga 'yan'uwanta uku da suke kokawa dare da rana, ga uwa tana lashe ta. Duk wannan na raba ta da shi cikin awa ɗaya, na kawo ta gidan tayil mai ƙofar ƙarfe, inda babu abin da ke motsi sai agogon bango.

Ina buɗe kwalin a tsakiyar falo ta arce bayan firji, ba ta fito ba sai bayan isha'i. Na yi ta zura hannu ina jawo ta, tana hura hanci tana komawa, wanda yanzu na san kuskure ne. Na dama mata madarar gari na ajiye, na gutsura mata burodi, washegari na ba ta sauran tuwo da miya. Ta lashe madarar tas, na ji daɗi. Ran Litinin na sake dama mata, na rufe tagogi saboda hazo, na kulle na tafi. Da na dawo, tun a matakala na haɗu da dattijuwar da ƙofarta ke kallon tawa, wadda duk muke kira Inna. Ta ce, "'Yata, me kika kulle a gidan nan? Tun safe ake kuka kamar an yar da jariri." Gabana ya faɗi. Na buɗe na tarar da zawo wuri uku, ɗaya a kan darduma, labule ya zamo daga sandarsa, ita kuma tana bakin ƙofa, tana buɗe baki amma muryar ta dishe. Talata haka, Laraba haka. Ina aji ina rubutu a allo, hankalina yana gida.

Daren Larabar nan na kasa barci, domin wani hadisi da na haddace tun ina Islamiyya ya dawo mini, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, cewa an azabtar da wata mata saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Da can farkonsa kawai nake ji, in ce ai ni ina ba da ci da sha. A daren nan ƙarshensa ne ya tsaya mini a rai. Kyanwar da aka sake za ta nemo wa kanta komai, abinci da inuwa da wurin ɓuya da wurin kewayawa. Wanda ya rufe mata ƙofa shi ya ɗauki nauyin duk waɗannan. Na yanke shawara ko dai in koyi yadda ake yi, ko in mayar wa Gwaggo abarta ran Asabar.

Inna ce ta warware mini matsala ta farko. Da safe na same ta tana shara na gaya mata batun ƙazantar, ta ce, "Ai ba laifinta ba ne. Mage ba ta kashi a fili, sai ta tona ta binne. Ina kike so ta tona a kan wannan santsi? Nemo mata yashi." Da na taso na tsaya inda ake gini a bayan layinmu, na roƙi magina suka cika mini buhun siminti biyu, na ba yaron da ya hau mini da su naira 300. Na tankaɗe yashin da rariya na fitar da tsakuwa, na shanya shi a baranda, na sami tsohon baho na rage masa baki da wuƙa don ta iya hawa, na zuba kamar tsawon yatsa. Tana gama cin abinci na ɗora ta a kai, na kama ƙafarta ta gaba na ɗan karta yashin. Ta sunsuna, ta juya sau biyu, ta tona, ta yi, ta binne, ba wanda ya sake koya mata. Kuskure ɗaya na yi, na ajiye bahon kusa da kwanon abincinta, sai ta ƙi ci. Da na mayar da shi ɗaya kusurwar ta koma ci. Wuraren da ta ɓata a baya kuwa sai da na wanke su da sabulu sosai, domin in ta ji warin za ta koma.

Zawon dai bai tsaya ba, don haka ran Juma'a na nemi izini a makaranta na kai ta asibitin dabbobi na gwamnati. Na isa ƙarfe 8 da rabi. Wanda zai je ya sani, yawancin masu zuwa wurin nan masu tumaki da awaki da kaji ne, ga kuma masu karnukan gadi, don haka a rufe kwalin da kyau, a zauna nesa da karnuka, a kuma lulluɓa shi da zane. Ni ban yi haka ba da farko, haushin wani kare ya sa ta yi fitsari a ciki. Na yanki kati naira 500, aka rubuta sunana da nata da launinta da watanninta, na zauna kan benci fiye da awa ɗaya, domin an shigo da wata tunkiya da haihuwa ta zo wa da gardama, dole aka fara da ita. Da aka kira ni, likitan ya ɗora ta a ma'auni, giram 800. Ya auna zafin jikinta ya ce daidai yake, na kyanwa yakan tsaya tsakanin 38 da 39. Ya duba dasashinta da kunnuwanta, ya ja fatar wuyanta ya saki don ya ga ko ruwan jikinta ya ragu, ya tattaɓa cikin, sannan ya ce, "Malama, me kike ba ta?" Na ce, "Likita, madara nake dama mata." Ya ce, "To ita ce."

Ya yi mini bayanin cewa da zarar an yaye kyanwa, cikinta yakan rage iya narkar da sukarin da ke cikin madarar shanu, shi ya sa take zawo. Kyanwa maciyar nama ce, tuwo da burodi cika ciki ne kawai. In ba ta dafaffiyar kaza, dafaffen ƙwai, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, hanta kaɗan jefi-jefi, duk ba gishiri ba dunƙule, kuma kada albasa ko tafarnuwa su shiga, don suna lalata mata jini. Wannan ya fitar da miyarmu gaba ɗaya daga lissafi. Ya ce in nemi busasshen abincin 'ya'yan kyanwa na leda a manyan kantuna, shi ne zai iya wuni a kwano bai lalace ba. Ya ɗura mata maganin tsutsar ciki, ya ce yawancinsu tun a nonon uwa suke ɗauka, za a maimaita bayan mako biyu. Allurar rigakafi kuwa ya ce ba a yi wa marar lafiya, sai ta warke. Har na miƙe sai ya tambaye ni dalilin da ya sa na ɗauko ta, na ce ɓeraye. Ya ce, "Kin zuba maganin ɓera a gidan?" Na ce akwai a bayan firji da ƙarƙashin kabad. Ya ajiye biro ya ce in je in kwashe shi yau ɗin nan, domin ko ba ta ci maganin ba, tana iya cin ɓeran da ya ci. Jikina ya yi sanyi, don bayan firjin nan ta wuni ranar da ta zo. Ya ƙara da gargaɗi a kan fiya-fiya, da maganin sauro na fesawa a ɗaki rufe, da maganin ƙuma na karnuka wanda wani sinadari a cikinsa ke sa kyanwa karkarwa har ta mutu. Ya kuma ja mini kunne a kan farasitamol, ya ce ko rabin ƙwaya na iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Duka-duka na biya naira 2,500 ranar, ban da kuɗin mota. Farashi yana canzawa, a riƙe fiye da haka.

Na ce masa, "Likita, babbar damuwata kukan da take yi in na fita." Abin da ya faɗa shi ne ya gyara mini komai. Ya ce kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, kuma lokacin kuzarinta shi ne asuba da magariba, lokacin da ɓera da tsuntsu ke motsi. Wato sa'o'in da nake makaranta dama na barcinta ne, in dai ta gaji, ta ƙoshi, kuma ta sami inda ta amince ta kwanta. Gida duka ya yi mata faɗi, tsoro take ji, in ware mata ɗaki ɗaya tukuna. Sai dai ya ce 'yar wata biyu tana bukatar ci sau uku zuwa huɗu a rana, kuma awa takwas ta yi mata yawa ita kaɗai, in sami wanda zai leƙa ta da rana har ta ƙara girma. Na dawo na gaya wa Inna ina jin nauyi, ta karɓi mukullin ta ɗaure a gefen zane ta ce, "Lada ne, 'yata. In na yi azahar zan shiga."

Asabar da Lahadin nan na ƙarar wajen shirya ƙaramin ɗakin da muke ajiye tarkace. Na fitar da keken ɗinki da ledoji da duk wata waya. Na bar mata kwalin da ta zo a ciki, na yanka masa ƙofa a gefe, na shimfiɗa tsohon zanena wanda na ɗaura ban wanke ba, saboda ƙanshin jikina. Har yau in wani abu ya firgita ta, cikin kwalin nan take shiga, kuma na daina zura mata hannu a wurin, nata ne. Na jawo tebur jikin taga na ɗora matashi, na duba ragar tagar na ga ta ɓalle a kusurwa ɗaya, na kira kafinta ya sake buga ta a kan naira 2,000. Tagar tana kallon wata darbejiya da kurciyoyi ke sauka a kai, ga ƙadangaru suna bin bango. Ban taɓa tsammanin wannan zai zama abin da ya fi komai amfani ba, amma Inna ta ce duk sanda ta shiga a can take samunta, ko tana kallo wutsiya na kaɗawa, ko ta yi luf cikin hantsi. Na sami guntun katako na nannaɗe shi da igiyar rama na jingina, don ta riƙa wasa farce a nan ta bar kujeru. Ruwa na sa kwano biyu, ɗaya nesa da abinci, kuma shi ta fi sha. Kwanon abinci kuwa kiyashi suka mamaye shi tun ranar farko, sai na ɗora shi cikin faranti mai ɗan ruwa, suka rasa hanyar hawa. Ruwan da nake tarawa a bokiti saboda ɗaukewar famfo na samo masa murfi, banɗaki kuma na riƙa jan ƙofarsa.

Sannan na gwada fita kaɗan-kaɗan. In rufe ƙofa in tsaya a matakala ina saurare, minti goma, in dawo. Can in yi rabin awa a wajen Inna. Da yamma na je kasuwa na yi awa biyu. Na lura kukan yana tsayawa da kansa bayan 'yan mintuna, kuma in na koma tun tana cikin kuka, fita ta gaba sai ta ƙara tsawaita shi, don haka na riƙa jira sai ta yi shiru. Tsarin da na kama daga Litinin shi ne, ina idar da sallar asuba sai in ɗauko wata sanda da na ɗaura wa igiya da gashin kaza a baki, in riƙa jan ta a ƙasa, in ɓoye bayan ƙafar tebur, in fizge. Sai ta lafe, ta karkaɗa ƙugu, ta daka tsalle. Dole a bar ta ta kama lokaci-lokaci, in ba haka ba ranta ɓaci yake. Minti goma zuwa sha biyar sun isa ta fara kwanciya a gefe. Sai in ba ta kazarta, ta ci, ta zauna ta lashe jikinta fes, ido ya fara lumshewa. A nan nake ficewa, ba rarrashi ba dogon sallama. Busasshen abincin kuma na daina zuba shi duka a kwano. Wani in watsa cikin ramukan kiret ɗin ƙwai, wani in zuba cikin gorar ruwa da na huda, sai ta gara ta da ƙafa kafin ƙwaya ta faɗo. Na gwada bar mata rediyo a kunne kamar yadda wata abokiyar aikina ta ba ni shawara, ban ga bambanci ba, na daina. Kafin mako biyu Inna ta ce ba ta ƙara jin kuka ba.

Akwai ranar da na makara, na bar sandar nan a ƙasa na fita. Allah ya sa Inna ta shiga da wuri, ta same ta igiyar ta naɗe mata wuya da ƙafa ɗaya tana ta birgima, sai da almakashi aka raba su. Da na koma asibiti maimaita maganin tsutsa na ba likita labari, ya ce na auna arziki, kuma zaren ɗinki ya fi wannan haɗari. Harshen kyanwa yana da ƙayoyi masu kallon ciki, in ta fara haɗiyar zare ba ta iya tofarwa, sai ya maƙale ƙarƙashin harshe ya riƙa yanka hanji. Wanda ya ga zare yana leƙowa daga bakinta ko bayanta kada ya ja, ya kawo ta. Tun daga ranar, abin wasa mai igiya yana cikin durowa in ba na nan, abin da nake bar mata sai ƙwallon takarda da marfin gora. A zuwan nan na biyu ta kai kilo ɗaya da ɗoriya. Da ta cika wata uku aka yi mata allurar rigakafin cutar haukan kare, naira 4,000, aka rubuta kwanan wata a katin, aka ce duk shekara. Ɗaya allurar, wadda ta haɗa cututtuka uku, mai sa amai da zawo da ke kashe ƙananan kyanwoyi da kuma biyu na mura, babu ita a can, sai da na je wani asibiti mai zaman kansa, naira 15,000, aka maimaita bayan mako uku. Na so in ƙyale tunda ba ta fita, likita ya ce ƙwayar cutar tana iya biyo takalmi ta shigo. A tabbata daga firji aka ciro allurar, kuma a adana katin, shi ake fara tambaya a ko'ina.

Wajen ƙarshen Fabrairu na buɗe mata sauran gidan, amma ɗakinta yana nan yadda yake. Da bazara ta shigo sai wata sabuwar matsala ta taso. Wanda ya san Kano a Maris da Afrilu ya san zafi yakan haura 40, bene kuma kamar tanda, ga wuta ba tabbas balle a dogara da fanka. Na dawo wata rana na same ta miƙe a tayil bakinta a buɗe tana haki, alhali kyanwa ba ta haki kamar kare sai abin ya kai maƙura. Na jiƙa tawul na shafe ta, ta dawo daidai. Daga nan na riƙa barin tagogi biyu masu fuskantar juna a buɗe da ragarsu, in saki labule a ɓangaren da rana ke bugawa, in zuba mata ruwa a kasko don ya fi riƙe sanyi, in shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a lungun da ya fi inuwa. Dafaffen nama kuwa na daina barin sa da rana sam, awa biyu ya isa ya canza. Turaren wuta ma na koma sa shi bayan na fitar da ita daga ɗakin, don na ga yana sa ta atishawa.

Babban gwajin shi ne ƙaramar sallah, da za mu je Katsina wajen dangin maigida mu kwana uku. Na yi tunanin tafiya da ita, na tuna kukan adaidaita sahu. Na yi tunanin kai ta gidan Gwaggo, Gwaggo da kanta ta ce, "A'a, uwar ba za ta gane ta ba yanzu, kuma in ta haura katanga ba ki ƙara ganinta. Mage gida ta sani." Sai muka bar ta a inda ta saba. Inna za ta je ƙauye, amma jikarta budurwa tana nan, ta ce, "Anti, ki bar mini." Na nuna mata komai da hannu, na kuma rubuta na manna a bayan ƙofa: safe da yamma, a canza ruwa, a auna abinci da wannan kofi, a kwashe yashi, a yi mata wasa da sanda a mayar durowa, kada a ba ta naman miya, a duba ƙafa kafin a buɗe ƙofa. Na ƙara bahon yashi na biyu, na rubuta lambar likita, na ce in ta wuni ba ta ci ba, ko tana amai, ko tana zama kan yashi ba abin da ke fita, a kira ni ko tsakar dare ne. Ranar sallah ana ta gaisuwa ina leƙa waya, sai ga hoto, tana kan teburinta ta naɗe ƙafafu. Da muka dawo ta yi kamar awa ɗaya tana sunsuna jakunkuna ba ta kula ni ba, ina zama kan darduma sai ji na yi ta hau cinyata tana wannan ƙara ta maƙogwaro da suke yi in sun ji daɗi.

Cikin Yuni kuka ya dawo, amma wani iri, mai kauri, dare da rana, tana birgima tana goga jiki a ƙofa, muzurai kuma suka fara taruwa a ƙarƙashin taga. Na ɗauka kaɗaici ne ya dawo, likita ya ce girma ne, namiji take nema, kuma in ba ta samu ba abin zai riƙa dawowa duk bayan mako biyu ko uku. In ta samu kuwa, ciki kwana 63 zuwa 65 ne, sai in shirya wa 'ya'ya. Mun daɗe muna shawara da maigida, na kuma tambayi malamin da na yarda da iliminsa, kafin muka amince a yi mata aikin hana haihuwa. Aka jira abin ya lafa, aka ce kada ta ci komai tun dare, na kai ta da safe na sa hannu a takarda, na karɓo ta da la'asar tana layi. Naira 35,000, aka cire zare bayan kwana 10. Na sa aikin cikin hutun makaranta da gangan, domin kwanakin nan ba na barinta ita kaɗai ba ne, sai an sa ido kada ta lashe ɗinkin.

Da zan sake farawa, da yashi da kwali da ragar taga suna nan tun kafin ta iso, maganin ɓera kuma ya bar gidan. Da na ɗauko ta a farkon hutu, in kai ta asibiti a makon farko ba sai ta yi ciwo ba. Kuma da biyu zan ɗauka daga kwandon nan, don 'yan ciki ɗaya suna ɗebe wa juna kewa yadda mutum ba zai iya ba, haɗa babbar kyanwa da baƙuwa daga baya kuwa aiki ne na makonni. Ga wanda ba shi da maƙwabcin da zai ba mukulli, ni a ganina ya nemi babbar kyanwa, kada ya ɗauki 'yar wata biyu. Yashi a kwashe shi kullum, a wanke hannu, a juye duka duk mako, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan aikin, don akwai cutar da ake ɗauka daga kashin kyanwa mai iya taɓa ɗan da ke ciki. Duka ko tsawa a kan ɓarnar da aka tarar ba ya koya mata komai sai tsoron mai gidan, kuma kyanwar da ta saba da yashi ta koma yi a waje, ko dai yashin ya ƙazantu ko ba ta da lafiya.

Ɓerayen sun ɗauke ƙafa tun kafin ta kama ko ɗaya. Yanzu in na dawo, abu uku nake dubawa tun ban cire hijabi ba: ko an tona yashi, ko abinci ya ragu, sai in taɓa matashin kan tebur in ji ko da ɗumi. Yawanci ma ba ta bakin ƙofa. Sai na ajiye jaka nake jin dirarta daga kan teburin, ta fito tana miƙa, wutsiya a tsaye, ta goga kumatu a ƙafata, ta wuce gaba ta tsaya jikin durowar da sandar take. Mukullin yana nan a gefen zanen Inna, kuma ko da yake na ce mata ta huta tunda 'Yar Toka ta girma, har yanzu in ta yi azahar takan shiga.